Shafau da Falankin Mangwaron Inna

Yayana bai taɓa wuce abu mai faɗi bai shafa shi ba. Ƙofa, bango, bencin asibiti, murfin akwati, ƙeyar jikansa, duk sai ya ɗora tafin hannu ya ja a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraron zance ta bayan katanga. Tun yana saurayi aka laƙaba masa Shafau, sunan ya bi shi har ya danne na gaskiya. An ce ranar da ya je gaida surukinsa karon farko, dattijon na ta nasiha shi kuwa yana shafar kujerar da aka ba shi. Da aka tambaye shi ko yana da abin cewa, sai ya ce ƙafar baya ta hagu ta fi sauran gajarta. Duk da haka aka ba shi matar.

A gidan tsaga katako ya yi rayuwarsa. Babban injin yana gaba, ƙarƙashin rumfar kwano, yana cin gungume yana aman falanki da wani kuka mai sa haƙora tsami. Yaya yana can baya, inda ƙarar ke isowa a gajiye. Injin tsagawa kawai ya iya. Falanki na fitowa da sawun haƙoran zarto a jikinsa, in ya bushe kuma ya kantare ko ya murɗe. Ƙananan akwai wani injin da ke haɗiye su ya fito da su sumul. Manyan kuwa, waɗanda suka fi bakin injin faɗi, waɗanda ake yin teburi da guda ɗaya tal, sai a ɗauko su niƙi-niƙi a kai wa Shafau. Ya ɗora a bencinsa, ya matse da ƙarafan matsi, ya ɗauki magogin hannu ya yi ta turawa. Ɓawon katako na fitowa a nannaɗe kamar gashin jariri, yana taruwa har ya rufe masa idon sawu. Can ya kwance matsin, ya tsuguna ya hango gefe da ido ɗaya, ya shafa, ya sake matsewa.

Ka'idarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da bencin ya haddace ta: katakon da ke motsi ba ya goguwa.

Shekaru suka yi abin da suka saba. Kafaɗarsa ta dama ta fara gardama, da farko da safe kawai, daga baya har ɗora hula sai da hannun hagu. Likita ya duba ya ce gaɓar ta cinye, kamar ƙofar da aka yi ta buɗewa ba mai. Mai gidan katakon mutumin kirki ne. Ya sa aka kafa wa Yaya kujera a inuwa, aikinsa ya zama ya duba falankan da suka fito ya ce wannan na ƙofa, wannan na rufi. Magogin ya koma kan ƙusa a bango. Yaya bai yi ƙorafi ba, illa dai ya daina kallon bangon nan.

Da a ce shi ke nan, da ya haƙura. Amma akwai falankin Inna.

Mahaifiyarmu ce ta shuka mangwaron tsakar gidanmu, daga ƙwallon da ta tsotse ta tura cikin ƙasa da diddige. A ƙarƙashinsa ta yi mana wanka, a ƙarƙashinsa ta yi mana faɗa, da tsumagiyar da ta karyo daga jikinsa. Bayan rasuwarta bishiyar ta ci gaba da 'ya'ya kamar ba ta ji labari ba, har wata iskar damina ta zo ta kwantar da ita. Da aka kai gungumen gidan katako aka tarar gara ta gama da cikinsa. Falanki ɗaya kaɗai ya fito da lafiya, daga can sama inda bishiyar ta rabu reshe biyu. Yaya ya tsaya a kan masu injin har suka tsaga shi da kauri, yatsu huɗu cif. Ya jingine shi a baya kan sanduna, inda iska ke ratsawa rana ba ta bugu.

Na tambaye shi yaushe zai taɓa shi.

Ya ce, “Autan Inna, katako kamar fushi ne. Sai an bar shi ya huce.”

Da furfurata da sanƙona, har yau haka yake kirana.

Niyyarsa ya yi teburi da shi, ya ajiye a daidai inda inuwar take a da, mu riƙa zama a kewaye. Sai dai kafin falankin ya gama hucewa, kafaɗar ta riga ta tafi. Falankin kuma ya bushe a murɗe, in an kwantar da shi kusurwa biyu na ƙasa, biyu na sama suna lilo. Injin ba ya iya haɗiye shi. Ba wa wani ya goge kuwa, ko a mafarki.

'Yarsa ta fari tela ce, tana da shago a bakin titi, kuma sunan Inna ta ci, shi ya sa Uwata yake ce mata. Ita ce wata rana ta miƙa masa wayarta ta ce ya kalli wani abu. Wani mutum ne ya shimfiɗa dogayen ƙarafa biyu a gefen falanki, ya gitta gada a kansu, ya ɗora ɗan injin nan da kafintoci ke fitar da ado a jikin ƙofa da shi, wanda suke kira rauta. Injin na zarya a kan gadar, gadar na matsawa kaɗan-kaɗan a kan ƙarafan, bakin injin na aske duk abin da ya taso. Da ɗan yatsa mutumin ke turawa.

Yaya ya kalla har ƙarshe, ya mayar mata da wayar.

“Wannan ai keken ɗinki ne aka ɗora a layin dogo.”

“To ai shi ke nan, Baba. Ni na gaji keken, kai ka gaji dogon.”

“Katako hannu yake so, Uwata. Abin da ba shi da tafi me ya sani?”

Washegari da sassafe aka gan shi a rumfar mai walda.

Mai waldan nan abokinsa ne tun suna yara, Tartsatsi ake ce masa, rigarsa duk huji, bakinsa ya fi wutarsa zafi. Ina wurin lokacin da Yaya ke zana masa abin a ƙasa da tsinke.

Tartsatsi ya ɗage baƙin gilashinsa ya ce, “Ikon Allah. Yau ga tsohon katako ya zo roƙon ƙarfe. Ba kai ke cewa ƙarfe ba shi da kunya ba?”

“Shi ya sa na zo wurinka. Kowa da danginsa.”

“Me za ka ba ni?”

“Zan bar ka ka zauna a teburin.”

“A wane gefe?”

“Gefen rana.”

Bayan gidan katakon akwai tsohuwar shimfiɗar wani injin tsagawa da ya mutu tuntuni, ciyawa ta kama ƙafafunta. Ita suka share. Dogayen ƙarafanta biyu suna nan a miƙe, sai tsatsa da Tartsatsi ya kankare. Gadar da ƙarfe mai kwana suka yi ta, sanda biyu a jere da rata a tsakani inda bakin injin zai leƙo. A ƙarshenta suka ɗaura boris, 'yan tayoyin ƙarfen nan masu juyawa, da aka ciro daga mataccen injin, don ta riƙa sulalewa. Rautar ta gidan ce, mai gida ya ba da aro da murmushi, irin na wanda ke ganin dattijai sun sami abin wasa. Yaya ya yi mata ɗan akwatin katako da za ta zauna a ciki, ya goga masa kyandir a gindi, ya samo mata baki mai faɗi.

Abin da ya fi cin ransu shi ne daidaita ƙarafan biyu. Injin ba shi da ido, abin da ƙarfe ya gaya masa shi zai rubuta a jikin katako. In ɗaya ya ɗaga kai ko da kaurin farce ne, falankin zai fito da wannan karkatar. Yaya ya ɗaura zare daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ɗaura wani ya gitta shi. Ya ce in ƙarafan sun yi lebur, zaren biyu za su sumbaci juna a tsakiya, ba dannewa ba rata. Suka wuni suna cusa gutsattsarin kwano ƙarƙashin ƙafa, suna cirewa, suna zagin juna. Da la'asar zaren suka haɗu. Tartsatsi ya yi wata 'yar rawa da ba ta dace da shekarunsa ba.

“Saura abin riƙe aikin,” in ji Yaya. “Katakon da ke motsi…”

“Na sani, na sani. Kunnena ya yi kanta da ita.”

Don ya burge abokinsa, Tartsatsi ya ƙera ƙarafan matsi huɗu irin waɗanda ba a taɓa gani ba, kowanne da dogon hannu, yaro ma zai iya matse giwa da su. Tsofaffin na bencin Yaya hana aiki zamewa kawai suke yi. Waɗannan kuwa da aka ɗora falankin aka murɗa su, sai kusurwoyin da ke lilo suka sauko, suka kwanta a kan shimfiɗar da wata 'yar ƙara kamar nishi. Yaya ya girgiza falankin, ko gezau. Fuskarsa ta washe.

Ya ɗauki alli ya zazzane fuskar katakon gaba ɗaya, don a riƙa ganin inda bakin ya ci da inda bai kai ba. Ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya kunna.

Ban taɓa zaton ƙara za ta yi mini daɗi haka ba. Da hannun hagu yake turawa, na daman yana rataye a aljihu. Injin ya tafi, ya dawo, ya matsa, ya tafi. Garin katako na tashi rawaya-rawaya a cikin hasken da ke ɗigowa ta hujin kwano, yana sauka a girarmu. Alli na ɓacewa layi bayan layi, a ƙarƙashinsa sai ga cikin bishiyar ya bayyana: launin zuma, da zane baƙi-baƙi kamar hayaƙi, a wurin rassan nan kuma jijiyoyin sun kanannaɗe kamar ruwa ya ci karo da dutse. Shekara da shekaru muna zaune a ƙarƙashinta ba mu san haka take a ciki ba. Tudu da kwarin da zarto ya bari sun yi yawa, sai da aka ci kusan yatsa guda kafin alli na ƙarshe ya tafi.

Yaya ya kashe injin, ya shafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, idonsa a rufe.

“Kwance,” ya ce.

Tartsatsi ya kwance ƙarfen matsi na farko, ya kwance na biyu. Yana sakin na uku sai falankin ya yi miƙa. Kusurwa ta tashi a hankali, ta can gefen ma ta tashi, ya koma yadda yake a murɗe, sai dai yanzu yana sheƙi.

Tartsatsi ya buɗe baki. Na san abin da zai ce, don kowa ya ga kamar kare ne ya ɗaga ƙafa a gindin bango. Ya dubi fuskar abokinsa, ya haɗiye.

Yaya ya auna gefen da yatsu. Uku. A wurin da rassan suka rabu akwai wata siririyar tsaga da kauri ne kaɗai ke riƙe da ita. Ya ce in aka sauka ƙasa da yatsu biyu, nan zai buɗe, teburin ya zama itacen girki. Gwaji ɗaya ya rage, kuma bai san abin da ya ɓata na farko ba. Ya sake ɗaura zaren. Suka sumbaci juna lafiya lau. Ya duba gadar, ya duba boris. Komai daidai. Ya jawo tsohon buhu ya lulluɓe falankin, ya tafi gida.

A kwanakin da suka biyo baya na ga abin da ban taɓa gani ba. Yaya ya shigo ɗakina ya wuce ƙofa, ya wuce teburi, ya zauna, hannayensa a kan cinya. Bai shafi komai ba. Matarsa ta ce da ni ko abinci sai ta yi da gaske. Tartsatsi ya zo har gida ya ce ƙila laifin waldarsa ce, abin da bai taɓa faɗa ba tun da aka haife shi. Yaya ya ce a'a, tsufa ne, abin da hannu ya kasa dabara ba ta yi.

Uwata ce ta aiko a ce ta ga alama teburin yankanta na rawa, ya zo ya duba mata. Teburin lafiyarsa ƙalau, shi ya yi shi. Na raka shi dai. Muka tarar ta shimfiɗa wani yadi mai talewa, irin wanda in ka ja shi yake biyo ka, tana lallaɓa shi da bayan hannu, almakashi a gefe. Gefen yadin ya ɗan tattare. Yaya na zama ya miƙa hannu ya kama gefen, ya ja shi ya miƙe, ya danne mata da babban yatsa.

Ta doke hannun kamar yadda Inna ke yi in mun kai hannu tukunya.

“Baba, sake shi!”

“Taimakonki nake, ja'ira. Ya tattare.”

“Ka bar shi da tattararsa. In ka ja shi na yanka, a miƙe zan gani. Kana saki ya koma gidansa, rigar ta fito kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, mai ita ta zo ta cinye ni ɗanya. Wannan yadin yadda ya ga dama yake kwanciya, ni ce ke binsa.”

Yaya ya cire yatsan. Yadin ya ja jikinsa ya koma. Ya sake ja, ya saki. Ya sake. Uwata ta dube ni, na dube ta.

“La ilaha illallahu,” ya ce a hankali. “Ni na danne shi.”

Ya miƙe, har ya kai ƙofa ya dawo ya shafi kan 'yarsa, mace mai 'ya'ya uku, ya ce, “Teburinki ba abin da ya same shi, maƙaryaciya.”

A hanya yake mini bayani, yana sauri ina haki. Da magogin hannu, yana kwancewa yana dubawa sau ba adadi, ido da tafi na gyara abin da matsi ya ɓoye tun kafin ya zama laifi. Wannan karon ya matse sau ɗaya da ƙarfin giwa, ya miƙar da katakon dole, injin kuma ya goge abin da ya tarar.

Da safe ya sa Tartsatsi ya kwashe ƙarafan matsinsa.

“Duka huɗun? Ka san wahalar da na sha?”

“Kai su inda ake kama ɓarayi.”

Suka kwantar da falankin ya yi lilonsa yadda yake so. Yaya ya fere weji ƙanana na katako, masu siririn baki da gindi mai kauri. Ya raba murɗewar biyu, rabi ga wannan kusurwa rabi ga waccan, don kada gefe ɗaya ya biya bashin duka. Ya riƙa tura wejin ƙarƙashin inda ya tashi, da yatsa, ba guduma, yana tsayawa da zarar ya ji sun taɓa. Ya bi duk inda ya ga haske a ƙasa ya cike. Sannan ya kafa 'yan katakai a gefe-gefe don kada aikin ya zame. Ya dafa kowace kusurwa. Ba motsi, kuma ba abin da ke danne da shi. Ƙasan falankin, ya ce, ba zai taɓa shi ba sai daidai inda ƙafafu za su zauna. Duk kaurin da ya rage na fuska ne.

Ya zana alli. Ya sauke bakin injin kaurin farce kawai.

Aikin ya ɗauki wuni. Kusurwoyin da suka tashi su suka fara rabuwa da alli, sannan gogewar ta riƙa cin gaba zuwa tsakiya kamar inuwa na janyewa. Bayan kowane zagaye sai ya kashe injin, ya je wurin tsagar ya auna da yatsu, ya dawo ya sauke bakin wani farcen. Tartsatsi, da ba a taɓa jin ya yi shiru ba, yana tsaye da tsintsiya yana share gari. Allin ya yi ta raguwa har ya rage a kusurwa ɗaya, wuri kamar faɗin tafin hannu, mai ɗan zurfi.

Yaya ya auna. Yatsu biyu da ɗan ƙari.

“Zagaye ɗaya,” in ji Tartsatsi. “In ya yi yawa biyu. Ka ƙarasa shi, Shafau.”

Yaya ya ɗora hannu a kan injin. Ya dubi allin, ya dubi tsagar. Wannan mutumin ne da ya taɓa dawo da ƙofa daga gidan mai ita, bayan an kafa ta, don ya ji wani tudu da ba wanda ya gani. Sai ya sunkuya ya zare wayar wutar.

“Cire wejin,” ya ce.

Aka cire, aka ɗaga falankin aka aza a kan dogayen ƙarafan biyu, fuska a ƙasa. Ya kwanta shiru. Ko takarda ba za ta shige ba, sai a kusurwar nan ɗaya.

Teburin yana tsakar gidanmu yanzu, a inda inuwar take. Ya sha mai har ya yi duhu, tsagar ba ta buɗe ba. A gidan katako kuwa an janye kujerar inuwa, manyan falankai sun koma bi ta baya, inda wani dattijo ke tura keken ɗinki a layin dogo da hannun hagu, aljihunsa cike da weji. In sabon ma'aikaci ya kawo ƙarfen matsi, sai ya ce masa ya je ya koyi yankan yadi tukuna.

Kwarin nan na kusurwa yana nan. Yaya ya goge shi da takardar yashi da hannu, ya bar shi da zurfinsa. Nan yake zama, tafinsa a ciki, kamar an auna.

Rannan Tartsatsi ya riga shi zuwa, ya ja kujera ya zauna a wurin, ya ajiye kofin shayinsa. Kofin ya karkata, shayin ya gangaro masa a cinya. Ya yi tsalle yana kakkaɓe wando.

“Kai Shafau! Wane irin makahon kafinta ne ya yi teburin nan?”

Yaya ya ƙaraso, ya ɗauke kofin ya mayar da shi can gefen rana, ya share wurin da hannun riga.

“Wa ya ce ka zauna a wurina?”